Mijin da Ba a Ganin Fuskarsa

A hutun ƙarshen shekarar bara na sauka gidan ƙanwata, na tarar babbar 'yarta, wadda ke aji uku a jami'a, ta kwana biyu ba ta ɗaga kai daga kan wani littafin Turanci mai kaurin bulo ba. Na tambaye ta abin da ke ciki. Ta ce labarin wata yarinya ce da wani basaraken aljannu ya ɗauke zuwa ƙasarsu. Na yi dariya, na ce ashe abin da ake biyan kuɗin makaranta dominsa ke nan. Ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Kawu, ba kai ne kake ba mu labarin Ganɗoki a ƙasar aljannu ba?" Na rasa ta cewa. Da zan tafi na ari littafin da wanda ya gabace shi, daga baya na nemi wasu da kuɗina. Abin da na karanta bai mayar da ni masoyin waɗannan littattafai ba, amma ya hana ni sake yin waccan dariyar.

Turawa sun haɗa kalmarsu ta soyayya da ta almara sun raɗa wa wannan nau'in rubutu suna romantasy. Labari ne da ake ginawa a wata duniya ta ƙirƙira, mai sarautu da yaƙe-yaƙe da sihiri, amma soyayya ce ginshiƙinsa, in aka zare ta ginin ya rushe. A 'yan shekarun nan shi ne ke riƙe da kasuwar ƙagaggun labarai a Amurka da Ingila. Littafin Rebecca Yarros mai suna Onyx Storm, da ya fito a Janairun 2025, an sayar da kwafi miliyan 2.7 nasa a makon farko, abin da wani ƙagaggen labari na manya bai yi ba cikin shekara 20. Galibi ana danganta wannan da TikTok, inda tun wajen 2020 'yan mata ke ɗaukar kansu a bidiyo suna kuka ko ihu a kan shafin da suka kai. TikTok ya yi talla, babu musu. Amma hajar da ya tallata ta girme shi da kusan shekara dubu biyu.

A ƙarni na biyu Miladiyya wani ɗan Arewacin Afirka mai suna Apuleius, haifaffen garin Madauros da ke cikin Aljeriya ta yau, ya rubuta da Latin wani dogon labari da aka fi sani da Jakin Zinariya. A tsakiyarsa ya saka labarin Psyche, wadda ake furta sunanta Saiki. Ita ce auta cikin 'ya'yan sarki mata uku, kyanta ya kai har mutane suka bar bautar Venus, uwargijiyar kyau a addinin Rumawa, suka koma kallonta. Bokan da mahaifinta ya tuntuɓa ya ce a yi mata ado a kai ta kan dutse a bari, domin mijinta dodo ne. Aka raka ta da kuka kamar ana rakiyar gawa. Iska ta ɗauke ta ta sauke a wata fada inda bayin da ba a gani suke yi mata hidima. Mijin ba ya zuwa sai cikin duhu, ya tafi kafin asuba, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: kada ta nemi ganin fuskarsa. Yayyenta suka zuga ta cewa maciji ne, zai haɗiye ta. Wani dare ta ɗauki fitila da wuƙa ta haska shi yana barci, sai ga Cupid, ɗan Venus, wanda babu mai kyansa. Ɗigon mai mai zafi ya faɗa masa a kafaɗa, ya farka, ya tafi. Sauran labarin wahalar da ta sha ce a hannun surukarta: tsince tulin hatsin da aka cakuɗa iri-iri kafin dare, ɗebo gashin wasu mugayen tumaki, ɗebo ruwa daga kogin ƙasar matattu, da shiga ƙasar matattun kanta. A ƙarshe aka ba ta rai marar mutuwa, aka ɗaura auren a bainar jama'a.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda Apuleius ya sa ya ba da labarin, da wadda aka ba. Wata tsohuwa ce mai yi wa 'yan fashi girki a cikin kogo, take rarrashin wata budurwa da aka sato ranar bikinta. Wato tun farkon shigarsa takarda, labarin nan magana ce da babbar mace ke faɗa wa ƙaramar da aka raba da gidansu ba da sonta ba: yi haƙuri, wataƙila dodon nan ba dodo ba ne. Masana tatsuniya sun tattara ire-irensa daga harsuna masu yawa, kuma wani nazari da Sara Graça da Silva da Jamshid Tehrani suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa tushensa ya kai shekara 4,000. Ko an yarda da ƙiyasin ko an yi tantama, dalilin daɗewar labarin a bayyane yake. Muddin ana kai yarinya ɗakin mutumin da ba ta sani ba, akwai buƙatar labarin da zai raka ta.

Matan manyan gidajen Faransa sun fi kowa sanin haka. Madam d'Aulnoy, wadda littafinta na 1697 ya bai wa tatsuniyoyin aljannu sunan da Turawa ke kiran su da shi har yau, tana da shekara 15 ko 16 aka aurar da ita ga mutumin da ya girme ta da kusan shekara 30. Labaranta cike suke da 'yan matan da aka haɗa da rago, da maciji, da gadu. A 1740 Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ta wallafa labarin Kyakkyawa da Dodo, dogo, domin manya. A nan uba ne, ɗan kasuwar da ya karye, ya tsinki fure a lambun dodo, aka ce ya fanshi ransa da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. A rubutun Villeneuve, tambayar da dodon ke yi wa yarinyar kowane dare ta shimfiɗa ce kai tsaye. Shekara 16 bayan haka, a 1756, Jeanne-Marie Leprince de Beaumont, wadda ke koyar da 'ya'yan masu hali a Landan, ta taƙaice shi ta saka a littafin tarbiyyar yara mata. Ta mai da tambayar ta zama ta neman aure, ta kuma fito da darasin fili: a dubi hali, kada a dubi fuska. Nata ne ya shahara, shi ne ya kai ga fim ɗin Disney na 1991. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa ba a taɓa ce wa dodon ya dubi hali ba. Shi kam kyakkyawa aka kawo masa.

A nan ne tatsuniyarmu take shigowa, domin muna da wannan labari, sai dai a juye. Wanda ya taso a gaban kaka ya san budurwar da ta ƙi duk manemanta, ta ce ita sai namijin da ba shi da tabo ko ɗaya a jiki. Ya zo kuwa, santalele, ta bi shi duk da gargaɗin iyaye, sai da suka yi nisa a daji ya rikiɗe ya koma abin da yake tun asali. A Faransa an ba da yarinya, dodo ya zama ɗan sarki. A wurinmu yarinya ta zaɓa, ɗan sarki ya zama dodo. Hanya biyu, masauki ɗaya: zaɓin iyaye ya fi naki.

Labaran Larabawa sun bi wata hanyar. A Dare Dubu da Ɗaya yawanci namijin ne ɗan Adam, macen ce aljana. Hasanul Basari, maƙerin zinariya, ya ga 'yar sarkin aljannu ta tuɓe rigar gashin tsuntsu tana wanka, ya sace rigar don kada ta iya tashi, ya aure ta. Ranar da ta sami rigarta ta kwashi 'ya'yanta ta tashi zuwa tsibiran Waƙ-Waƙ, shi kuma ya bi ta da wahala. Labarin yana tare da Hasan, amma bai ɓoye cewa auren da sata aka fara shi ba. Kuma batun bai tsaya a hira ba, ya shiga littattafan malamai. Badaruddin al-Shibli, malamin Sham na ƙarni na 14, ya tattauna auren mutum da aljan a littafinsa Akamul Marjan. A cikin abin da ake ruwaitowa akwai cewa wasu mutanen Yaman sun aiko wa Imamu Malik tambaya game da aljanin da ke neman auren wata yarinya, ya amsa cewa abin da yake ƙi shi ne a ga mace da ciki, a tambaye ta mijinta, ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Amsar malamin da ya san mutane ke nan. Ya gane cewa mijin da ba a gani, ko da akwai shi, labari ne da za a iya fakewa a bayansa.

Sa'ad da Antoine Galland ya fara fitar da fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya a Faransa a 1704, waɗannan aljannu sun shiga gidajen da Villeneuve ta taso a ciki. Amma da aka shiga ƙarni na 20, kasuwar littattafan Turanci ta raba abin da tatsuniya ta haɗa. Soyayya ta koma kanta guda. Kamfanin Mills & Boon, da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin na Kanada, wanda aka kafa a 1949 ya kuma saye na farkon a 1971, suka riƙa fitar da ƙananan littattafai kowane wata domin mata. Dodon ya tuɓe fatarsa ya zama likita, ko attajiri, ko balaraben hamada irin na littafin The Sheik na 1919, amma halinsa na nan: mai iko, marar fara'a, wanda ba a gane zuciyarsa sai shafin ƙarshe. Almara kuma ta koma ɗaya kantar, ta maza. A The Lord of the Rings na Tolkien, da ya fito a 1954 da 1955, akwai soyayyar ɗan Adam da 'yar wani jinsi marar mutuwa, wadda ta sarayar da dawwamarta dominsa, amma cikakken labarin nasu sai a rataye na bayan littafi aka ba shi wuri. Yaƙi a zaure, soyayya a bayan gida.

Mata ne suka riƙa huda katangar. A 1968 Anne McCaffrey ta fitar da Dragonflight, inda mahaya ke ƙulla zuciya da manyan macizan almara masu fukafukai da fesa wuta, kuma abin da macizan suka ji na sha'awa sai ya kama mahayansu. Robin McKinley ta sake rubuta Kyakkyawa da Dodo a 1978, ta ba yarinyar son karatu da ra'ayin kanta. A 2005 Twilight na Stephenie Meyer, labarin 'yar shekara 17 da mashayin jinin da ya haura shekara 100, ya nuna wa masu buga littattafai yawan kuɗin da ke wannan mahaɗa.

Sarah J. Maas ta fara rubutu tana 'yar shekara 16, tana sakin babi-babi a intanet. Littafinta na 2015, A Court of Thorns and Roses, shi ne na farko cikin biyun da na ara, kuma ina karantawa ina ganin sawun Apuleius. Feyre auta ce cikin mata uku, uban ɗan kasuwa ne da ya karye. Ta kashe wani kyarkeci a daji, ashe aljani ne, aka zo aka tafi da ita a madadin ransa. (Na ce aljannu ne domin ba mu da kalmar da ta fi kusa, halittun tatsuniyar Ingila da Ailan ne, masu tsawon rai da sarautu.) Mai gidan, Tamlin, fuskarsa a rufe take da wani abin rufe fuska da tsinuwa ta manne masa. Da aka kama shi, ita ta bi shi ƙarƙashin dutse, wata muguwar sarauniya ta ɗora mata jarrabawa uku, har da aikin tsince wani ƙanƙanin wake daga cikin toka. Ta mutu, aka dawo da ita da rai irin nasu. Saiki ce sak, an ba ta baka da kibiya. Da a nan Maas ta tsaya, da ba ni da abin rubutawa.

Littafi na biyu, A Court of Mist and Fury na 2016, ya fara daga inda tatsuniya ke cewa ƙurunƙus. Feyre tana fadar masoyinta ana shirin biki, amma ba ta barci, tana rama, abin da ta gani a ƙarƙashin dutse yana dawo mata. Tamlin, da sunan kare ta, ya hana ta fita, ya hana ta koyon sarrafa ƙarfin da ta samu, ya sa mata masu gadi, daga ƙarshe ya kulle ta a gidan da sihiri. Bai daina sonta ba, kuma marubuciyar ba ta ce ya daina ba. Feyre ta fita. A littafi na farko ba ta iya karatu ba, abin da ya kusa halaka ta a jarrabawa ta biyu. A na biyu ta koya, kuma cikin abin da ta yi da iliminta akwai gajeriyar wasiƙar da ta aika masa cewa da son ranta ta tafi, ba za ta dawo ba.

Wannan shi ne sabon abu, a ganina. Ɗan sarkin da ya zama dodo mun san shi, yana cikin tatsuniyar marar tabo. Amma a can laifin yarinyar ne, kuma hukuncinta ta dawo gida da kunya. A nan babu wanda ya ce mata ga abin da taurin kai ya jawo. Tsohuwar kogo ta ce a yi haƙuri, Beaumont ta ce a dubi hali, kakarmu ta ce a bi iyaye. Maas ta ce mace tana iya yin kuskuren zaɓe, ta gane, ta fita, labarinta kuma ya ci gaba. Na fahimci abin da ya hana 'yar ƙanwata ɗaga kai.

Sai dai abin da Maas ta bayar da dama ta karɓe rabinsa da hagu. Namiji na biyu, Rhysand, yana yawan nanata wa Feyre cewa zaɓi nata ne. Can gaba sai aka bayyana cewa akwai wata igiya ta sihiri da ta ɗaure rayukansu tun kafin su san juna, wadda ke sa namiji kishi kamar na dabba. Wannan dabara ta abokin rai da ƙaddara ta zaɓa ta cika littattafan nan, kuma ita ce na fi ƙi. In halitta ce ta riga ta yanke, ina zaɓin? Auren dole ne aka sauya wa waliyyi. Tana kuma wanke abin da bai kamata a wanke ba. A littafi na farko Rhysand ɗin nan ya sa ta shan abin da ke gusar da hankali, ya sa ta rawa a gaban jama'a. A na biyu aka ce duk don ya cece ta ne. Ya haura shekara 500, ita tana da 19. Wannan cuta tsohuwa ce a gidan: The Flame and the Flower na Kathleen Woodiwiss, wanda ya buɗe kasuwar dogayen littattafan soyayya a 1972, da fyaɗe ya fara, ya ƙare da wanda ya aikata a matsayin miji abin so. An rage dafin, ba a zubar da shi ba.

Fourth Wing na Yarros, na 2023, bai kai wannan zurfin ba, ko da yake ya fi saurin tafiya. Violet ta so zama marubuciyar tarihi, uwarta janar ta tura ta kwalejin mahaya macizai inda ɗalibai ke mutuwa kullum. Abin da na yaba shi ne jikinta mai rauni, gaɓoɓi masu gocewa, irin larurar da marubuciyar kanta ke fama da ita, kuma ba a warkar da ita da sihiri ba, sirdi aka ƙera mata. Harshen kuwa na 'yan makarantar Amurka ne aka sa a bakin mayaƙan wata duniya. Ya kamata kuma iyaye su sani: akwai shafuka a littattafan Maas da na Yarros da ke bayyana kwanciya ba sakaye. Na manya ne, ko da bangonsu ya yi kama da na yara.

Saboda waɗannan shafuka, a Agustan 2024 jihar Utah ta Amurka ta fitar da sunayen littattafai 13 da ta haramta a dukkan makarantun gwamnati, shida daga ciki na Maas ne. Mu ma mun ga irinsa a 2007, lokacin da gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata, alhali babban jigon yawancin littattafan kasuwar Kano tun shekarun 1980 shi ne auren dole da kishiya da karatun 'ya mace. Hana yarinya 'yar shekara 13 abin da ya fi ƙarfinta daidai ne, ba na jayayya. Abin da nake tuhuma shi ne rainin da ke rakiyar hanin, irin wanda na yi a falon ƙanwata ban buɗe shafi ko ɗaya ba. Janice Radway ta zauna da wasu mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka, ta fitar da Reading the Romance a 1984. Da yawansu sun gaya mata cewa ɗaukar littafin kansa shi ne abin: sa'a guda da miji da 'ya'ya suka san ba a taɓa su. Sun kuma bambanta jarumin da suke so da wanda suke jefar da littafi saboda shi. Ba haɗiya suke yi ba, suna tacewa.

Na ga hakan da idona da na mayar da littattafan. Na faɗa wa 'yar ƙanwata ƙorafina game da igiyar ƙaddara, ina tsammanin za ta kare gwaninta. Sai ta ce ita da ƙawayenta sun daɗe suna wannan musu, har sun rabu gida biyu, kuma akwai abin da Rhysand ya ɓoye wa matarsa a littafi na biyar game da lafiyarta wanda har yau ba ta yafe masa ba. Ta ce, "Kawu, ai shi ma Tamlin ne, ya dai fi shi iya magana." Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini na ukun.